Waƙoƙin da suka ƙi fita daga wayata

A makon jiya 'yar ƙanwata, wadda take aji biyar na sakandare, ta karɓi wayata domin ta tura wa kanta hotunan wani biki da muka je tare a Bukuru, sai hannunta ya faɗa wurin da nake ajiye waƙoƙi. Ta daɗe tana ja da yatsa tana karanta sunaye a hankali, can sai ta ɗago kai ta ce, "Kawu, ashe duk mawaƙanka sun rasu?" Na yi dariya na ce mata ba duka ba, amma bayan ta tafi na zauna na bi jerin da kaina, na kuma ga cewa yarinyar ba ta kauce wa gaskiya sosai ba. Waƙoƙin da ke cikin wayar sun haura ɗari huɗu, waɗanda nake komawa gare su kowane mako kuwa da ƙyar su kai ashirin, kuma mafi yawan masu su sun riga mu gidan gaskiya. Sauran suna nan jibge kamar tsofaffin tufafi a ƙasan akwati, ban saka su ba, ban kuma iya kyautar da su ba.

Tun daga ranar nake juya maganar a raina, domin ni ban ɗauki kaina mai ƙyamar sabon abu ba, kuma shekaruna ba su kai na wanda za a ce ya tsaya a zamanin garmaho ba. Abin da na gano shi ne waƙoƙin da suka zauna mini duka suna da hali guda: idan na rufe ido ina sauraronsu, ina ganin wani mutum a ciki, da sana'arsa, da irin tafiyarsa, wani lokaci har da sunan garinsu da na ubangidansa. Waƙar da ba kowa a cikinta, komai zaƙin kiɗanta, kwana uku take yi a kunnena ta kama gabanta.

Wanda ya koya mini wannan irin sauraro, ba tare da ya san ina duniya ba, shi ne Ɗan Maraya Jos. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san tarihinsa ko da a gutsure. Sunansa na yanka Adamu, an haife shi a Bukuru a 1946, mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, kuma iyayen nasa sun rasu yana ƙarami ƙwarai, sarkin ya ɗauke shi ya riƙe, daga nan laƙabin ya bi shi har kabari. Kayan kiɗansa kuntigi ne, wanda idan ka gan shi a ajiye ba za ka ce ya isa ya tara mutum biyar ba, domin gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da makaɗa a bayansa. Shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, kuma idan zancen ya bukaci mutum biyu su yi musayar magana, sai ya sauya murya ya zama su biyun. Da wannan ɗan gwangwani ya zaga ƙasashen duniya, ya karɓi lambobin girmamawa na ƙasa, ya kuma zama mutumin da ake fara ambata idan aka ce Jos a ƙasar Hausa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne da ke ɗaukar dankalin Turawa da kabeji da karas daga Jos zuwa Kano, kuma kafin ya riƙe sitiyari ya yi shekaru yana karen mota. Wannan ɓangare na tarihinsa ba ya son a tayar da shi a gaban baƙi, mu ma 'ya'yansa a bakin abokansa muka tsince shi. A wani dogon hutu, ina aji shida na firamare, ya yarda in bi shi tafiya guda. Mun bar gari bayan la'asar, muka bi ta Jingir da Saminaka, dare ya yi mana kafin mu shiga dajin Falgore. Yaron motarsa yana can bisa lodi, ya naɗe cikin gefen tamfol, kamar yadda aka saba, kuma duk inda muka tsaya a kan gangara sai in ji dirarsa ƙasa da gudu ya cusa weji a bayan taya. Baba ya laluba cikin jakar kasakasansa ya tura guda a rikoda, waƙoƙi biyu suka wuce, sai ga waƙar Karen Mota. Ban taɓa jin ta ba kafin wannan dare. Abin da ya fara kama ni shi ne mamakin cewa akwai wanda ya zauna ya yi wa mai canza taya da tura mota waƙa, alhali a sanina sarakuna da attajirai ake yi wa. Baba bai ce uffan ba har waƙar ta kai ƙarshe, sannan ya rage gudu, ya gangara gefen hanya, ya leƙa ta taga ya ɗaga murya ya ce, "Kai, sauko ka shigo gaba, sanyi ya yi yawa." Yaron ya shigo yana warin man dizal da ganyen kabeji, aka matse ni a tsakiyarsu, Baba ya mayar da kaset ɗin baya ya sake sa waƙar, muka ci gaba da tafiya ba wanda ya yi magana.

Na yi shekaru kafin in fahimci abin da na gani a daren nan, kuma har yau duk lokacin da tsirkiyar kuntigin ta fara kaɗawa, warin dizal ɗin ne yake fara zuwa mini. Daga baya na bi sauran waƙoƙin Ɗan Maraya na ga haka yake yi a ko'ina. A Jawabin Aure ma'aurata ne yake zaunarwa yana nuna musu abin da saki yake jawowa, a Auren Dole yarinya ce da aka yanke wa hukunci ba da shawararta ba, a Gulma Wuya kuma mai shiga gidaje ce tana kwance auren mutane, wadda na tabbata kowace unguwa tana da tata. Ba ya yi wa mai sauraro dogon wa'azi. Yana kawo masa mutumin ne ya tsayar a gabansa, ya bar shi ya yi magana da bakinsa har ya tona kansa. Ɗan Maraya ya rasu a nan Jos ranar 20 ga Yunin 2015, a farkon azumin shekarar, kuma na tuna cewa da na ji labarin, mahaifina ne ya faɗo mini a rai kafin shi kansa mamacin.

Mamman Shata kuwa ba na iya sa shi ina wani aikin da ke bukatar tunani. Na taɓa gwada duba takardun jarrabawar ɗalibaina da waƙarsa a kunne, sai na tsinci kaina na riƙe jan biro ina bin kalangu da ƙafa, takarda guda a gabana tun ɗazu. Saboda haka na ware masa safiyar Asabar, lokacin da nake wanki ko gyaran tsakar gida. An haife shi a Musawa a 1923, ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura, kuma a tsakanin nan ya yi waƙoƙin da shi kansa bai riƙe adadinsu ba. Abin da ya fi burge ni a salonsa shi ne yadda yake kafa gindin waƙa gajere, ya miƙa wa 'yan amshi su riƙe masa shi kamar turke, shi kuma ya saki jiki ya yi ta yawo, ya shiga gari ya fita, ya ambaci mai masaukinsa, ya yi wa wani habaici, ya tuno wata tafiya, sannan ya dawo daidai inda amshi yake jiransa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi da dogarai da 'yan kasuwa, har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka harba zuwa wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Idan yana lissafa garuruwa, ina jin kamar ina zaune a gaban motar Baba ne ana wuce su ɗaya bayan ɗaya.

Musa Ɗanƙwairo na lokacin sanyi ne a wurina, kuma duk wanda ya san Disambar Jos ya san irin safiyar da nake nufi, wadda ruwan alwala yake yanka hannu, hazo kuma ya rufe duwatsun da ke bayan gari. A irin wannan safiya nake son jin kotso da taron muryoyin nan da suke karɓar magana daga bakinsa su ƙarasa ta kafin ya sauke numfashi, har ka kasa gane inda jagora ya tsaya da inda yaransa suka ɗauka. Waƙoƙinsa na fada ne, irin wadda ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello, kuma mutanen da yake wasawa ba irin waɗanda zan taɓa zama da su ba ne, amma duk da haka ina ganinsu, da rawani da doki da jama'ar da ke biye. Sai dai dole in amsa cewa Hausarsa ta ƙasar Zamfara takan fi ƙarfina a wasu wurare, domin mu 'yan Jos Hausarmu ta kasuwa ce da ta sha gauraye, kuma akwai wani abokin aikina mutumin Gusau da nake tara wa kalmomi a takarda in kai masa a ɗakin malamai. Yakan fassara mini yana girgiza kai, yana cewa an bar Hausa a gida an taho tudu da ragowarta. Ya rasu a 1991, Ɗanƙwairon nake nufi, abokin nawa yana nan da ransa yana ci gaba da raina mini Hausa. Ɗan Anace ma yana cikin ashirin ɗin nan saboda waƙarsa ta ɗan damben nan Shago, duk da cewa ban taɓa tsayawa kallon dambe ba a rayuwata.

Akwai kuma waƙoƙin da ba don kaina na ajiye su ba. Mahaifiyata tana zaune tare da mu, idanunta sun yi rauni, rediyonta kuma ya daɗe da mutuwa, saboda haka bayan sallar isha'i nakan shiga ɗakinta in ajiye wayar a kan tabarma in sa mata Barmani Coge. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, sai dai in ji ta ce, "Kai wannan, ƙara mata murya." Barmani 'yar Funtuwa ce, ta rasu a 2013, kuma kiɗanta na amada ne, na ƙwarya da ake kifawa, wata a kan ruwa, mata suna bugawa a cikin gida ranar biki ko suna, inda maza ba sa shiga. Ni da na tashi ina jin wannan kiɗa daga bayan katanga kawai, sai yanzu nake zama in saurari abin da ake faɗa a ciki, na kuma gane cewa matan nan ba wasa kaɗai suke yi ba. Ana zancen kishiya, ana zancen haihuwa, ana yi wa macen da ba ta da sana'a tsiya har sai ta ji kunya ta tashi ta nemi abin yi. Inna takan yi dariya a wuraren da ni ban ga abin dariya ba, idan na tambaye ta sai ta ce wannan ba na maza ba ne. Wani lokaci takan tsayar da ni ta ce wance ce sak, ta ambaci wata maƙwabciyarmu ta da a Gangare wadda ta rasu tun ina yaro, sai in ga ashe ita ma mutum take nema a cikin waƙar.

Yadda waƙoƙin suke zuwa hannuna ya sauya sau uku a rayuwata. Na farko kaset ne, wanda muke juyawa da biro domin kada batir ya ƙare a banza, kuma idan rikoda ta tauna zaren sai mu yanke wurin da ya lalace mu liƙe da jan farcen ƙannenmu mata, shi ya sa akwai wata waƙar Shata da na haddace ta da giɓi a tsakiya, sai da na girma na ji baitin da rikodarmu ta cinye. Kasuwar Taminus, kafin gobarar da ta cinye ta a 2002, nan ne muke zuwa sayen kaset, mai shago ya sa maka ka ɗanɗana kafin ka biya. Faifan CD ya zo bai daɗe ba ya wuce. Sai zamanin memori, wanda har yanzu ban fita daga cikinsa ba, domin akwai wani matashi mai tura waƙoƙi a gefen titin Bauchi da nake kai wa wayata, ya jona ta da kwamfutarsa ya zuba mini abin da na lissafa masa. Shekarun baya Yaya yake ce mini, bana kuma na lura ya koma Baba, ban dai ce masa komai ba. Wannan sana'a ta tura waƙa ba ƙaramin aiki ta yi wa kiɗan yankinmu ba. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Buzayen Nijar da yanzu yake zaga Turai da Amurka, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, kuma ta hanyar memori da tura wa juna a waya waƙoƙinsa suka ratsa Sahara kafin wani kamfani na waje ya san da shi.

Sai dai hanyar tana da nata lahani, kuma shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a harkar sauraro. Sau da yawa za ka ga an rubuta sunan wani makaɗi a kan waƙar wani, ko an datse waƙar minti ashirin an bar maka bakwai, ko kuma, wanda ya fi ciwo, kana tsakiyar jin baiti sai muryar wani ta faɗo a kai tana tallar shagonsa da lambar wayarsa. Manhajar sauraron waƙa ta Spotify ta shigo Nijeriya a 2021, yara kuma sun fi zama a Audiomack da Boomplay, amma tsofaffin waƙoƙin da nake nema a YouTube na fi samunsu, inda wasu bayin Allah suke ɗora abin da suka kwafo daga tsofaffin kasakasai, da shuuu ɗin zaren da komai. Nakan jira datar dare mai rahusa in saurare su, kuma wannan shuuu ɗin ba ya damuna ko kaɗan, domin da shi na san waƙoƙin tun asali.

Duk wannan zaɓina ne. Akwai kuma abin da gari yake zaɓa mini, domin kullum sai na hau keke daga Unguwar Rogo zuwa Taminus, sannan in shiga mota zuwa wajen aiki, kuma mai keke ba ya shawara da fasinja kafin ya kunna lasifikarsa. A nan nake jin waƙoƙin zamani, na fiyano da na'urar gyaran murya, waɗanda ake kira nanaye. Ba zan yi ƙarya in ce ba sa shiga kunne ba. Wasu sukan bi ni har cikin aji, in kama kaina ina gunguninsu a gaban allo. Matsalata da mafi yawansu ita ce masoyiyar da ake yi wa waƙar ba ta da gari, ba ta da sana'a, ba ta da wani hali da za ka riƙe, daga kyau sai murmushi sai zuciya da ke ciwo, har ka iya cire ta daga wannan waƙa ka saka a waccan ba wanda zai lura. Duk da haka akwai waɗanda suka tsallake. Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta cika gari a 2020 lokacin kullen korona, har matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu ita aka yi ta muhawara a kai, tana cikin wayata, kuma ina zaton abin da ya riƙe ta shi ne watannin nan da muka yi a kulle, ana jin ta daga kowace taga. Nura M. Inuwa yana da zaɓen kalma da nake girmamawa. Aminu Ala kuwa daban yake a wurina, domin shi marubuci ne da yake rerawa, kuma a waƙarsa ta Jami'a na ga ɗalibin da na taɓa zama, da yunwarsa da fargabar jarrabawarsa. Waƙoƙin siyasa ba na ajiye su, ko da amshinsu ya manne mini, saboda na ga yadda ake wasa mutum bana a zage shi baɗi da kiɗa iri guda.

Wani abin da mutanen Kano da Katsina sukan yi mamaki idan suka duba wayata shi ne waƙoƙin da ba na Hausawa Musulmi ba, kuma nakan ce musu kunnen ɗan Jos haka yake. Lokacin da muke yara, kafin rikicin Satumbar 2001 da waɗanda suka biyo baya su raba unguwanni, kowa ya koma cikin nasa, gidan da ke jikin namu na wata mata ce Kirista, ma'aikaciyar jinya, wadda muke kira Mama. Kowace Asabar tana wanki tana rera waƙoƙin coci da Hausa, mu kuma muna wasa a bakin famfo, har karin ya zauna mana ba tare da mun yi niyya ba. Bayan rikicin ta sayar da gidan ta koma wani ɓangaren gari, ban sake ganinta ba. Da Jeremiah Gyang ya fito da Na Ba Ka, wadda ya yi da Hausa, aka riƙa sa ta a gidajen rediyo, muryar Mama na ji a bayanta, shi ya sa take cikin ashirin ɗina har yau. Garin nan dai ya ba Nijeriya mawaƙa fiye da girmansa: Panam Percy Paul a nan ya kafa zamansa da aikinsa, tagwayen P-Square a nan aka haife su a 1981, M.I Abaga da ƙaninsa Jesse Jagz da Ice Prince duk a nan suka taso kafin Legas ta ɗauke su. Ba na sauraronsu kullum, amma idan na ji ɗayansu ya jefa kalmar Hausa irin tamu ta Jos a tsakiyar Turanci, nakan ji wani abu kamar an kira sunan layinmu a tashar mota ta wani gari.

Inda ƙa'idata take karyewa shi ne waƙoƙin Indiya. Ina da na Mohammed Rafi, wanda ya rasu a 1980, da na Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, guda biyar ko shida, tun zamanin da muke satar hanya zuwa silimar Kwararafa. Ban san abin da suke faɗa ba, ban kuma taɓa neman a fassara mini ba, saboda haka ba zan ce ina ganin kowa a ciki ba. Na bar su a wurin ne kawai, kuma nakan sa su idan ruwan Agusta ya tsare ni a gida. Da azumi kuwa nakan ajiye kiɗa gaba ɗaya, in koma ga karatun Alƙur'ani da tafsiri, sai kuma Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, wanda baitocinsa a kan mutuwa da kwanciyar kabari ba sa bukatar ganga kafin su hana mutum barci.

Ranar Juma'ar da ta wuce yarinyar ta dawo gidanmu tare da mahaifiyarta, na ce mata tunda ta yi wa mawaƙana ba'a, dole ta zauna ta ji guda ɗaya daga farko har ƙarshe, ita ma ta zaɓa mini uku daga nata. Ta zuba mini nata ta manhajar Xender, biyu daga ciki na riga na goge, ɗaya kuma, ta wani yaro mai haɗa Hausa da Turanci yana ba da labarin yadda yake neman aiki a Kaduna, tana nan ina jin ta. Ni kuma na sa mata Karen Mota a tsakar gida. Da farko tana ta duba fuskar wayarta, can sai na ga ta kife ta a cinya, ta ce, "Kawu, wai duk wannan mutum ɗaya ne yake yi?" Na ce mata mutum ɗaya ne da tsirkiya ɗaya. Kafin in ƙara wani bayani sai muryar Inna ta fito daga ɗaki, ashe tana saurare, ta ce, "Ke, kakanki ma ai ya yi wannan aikin, shekara shida yana bin mota kafin a ba shi tuƙi." Yarinyar ta dubi mahaifiyarta, mahaifiyarta ta dube ni, domin a gidanmu ba a taɓa faɗar wannan magana a fili haka ba. Sai ta tashi ta shiga ɗakin ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Inna, me karen mota yake yi?" Ina jin Inna ta fara mata bayanin weji, tana kwatanta girmansa da hannu, ni kuma na mayar da waƙar farko na rage murya domin kada ta rufe maganarsu.